Kyamara Biyu a Motar Surukina

Tun da muka dawo daga Maraɗi ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin shagona na gyaran waya, nan bakin tashar Ƙaura, tambayarsa ɗaya ce: to Sanusi, kyamarar wa ta ci, taka ko ta Haruna? Wasu ko keke ba su da shi, amma su ne kan gaba a gardamar kyamarar mota. Bakina ya gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta, kowa ya karanta ya shafa min lafiya.

Tawa ƙanena da ke aiki a Jidda ne ya aiko min. Ido ɗaya gare ta, gaba kawai take kallo, amma 4K ce, hotonta tas kamar an wanke shi da sabulu. Haruna Wayarin kuwa, abokina tun firamare, mai haɗa wutar mota a Shinkafi, tasa ido uku ne: ɗaya na kallon gaba, ɗaya cikin mota, ɗaya baya, ga ta da kunne tana ɗaukar magana. Wata biyu muka yi muna zagin kyamarar juna a waya. Abin dariyar, ni babur gare ni, shi kuma motarsa shekara guda ke nan tana kan duwatsu kaji na ƙwai a cikinta. Manyan kyamarori biyu, ba motar da za a liƙa su.

Wannan shi ne dalilin tafiyar da kowa ya sani. Akwai wani da ban faɗa a benci ba.

Surukina Alhaji Mamman ya haura shekara arba'in yana tuƙi. Har yanzu duk ranar kasuwa sai ya cika doguwar motarsa da mutane ya nufi Zurmi. Wata safiya matata Rabi, wadda ita ce 'yarsa ta fari, ta ajiye min koko ta tsaya a kaina.

"Baba ba ya gani, Sanusi. Yanar ido ce ta rufe masa gani. Shekaranjiya a gabana ya gaishe da turmi, har yana tambayarsa ya mai jiki."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce ƙannenta maza sun gwada yi masa maganar ya ajiye makulli a kai shi asibiti, ya kore su kamar awaki. Ita kuwa 'yar fari, ko zama wuri ɗaya ba sa yi balle doguwar magana. "Wata rana zai kashe mutane, ko ya kashe kansa," in ji ta. "Kai za ka yi wani abu."

"Ni? Ni da shekara tara ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba? In na hango shi a kan hanya lungu nake shiga, shi ne zan ce masa ya ba da makulli?"

Ta ɗauke ƙosan da ta kawo ta koma da shi madafa. A nan na gane maganar ta wuce wasa.

Ana haka sai muka ji Alhaji zai je Maraɗi yi wa tsohon abokin tuƙinsa, Alhaji Isuhu, barka da dawowa daga Umara. Na tura Haruna, don shi bakinsa ba ƙofa. Ya je ya durƙusa ya ce wasu na'urori ne muke son gwadawa, kuma an ce sai a hannun direban da ya san hanya, ba yaran yanzu masu tuƙi kamar an biyo su ba. Alhaji ya ji daɗi. Ya ce, "Ku taho. Shi ma mutumin shi taho." Mutumin nan ni ne, sunana ke nan a wurinsa.

Haruna ya iso daga Shinkafi da sassafe, muka liƙa kyamarorin a gilashin gaba, kafaɗa da kafaɗa. Kafin a tayar da mota mun yi faɗa sau biyu. Ni na kai tawa ƙololuwar tsabtar hoto, na ɗaura mata ɗan gilashin da ke kashe ƙyalli. Shi ya ce tsabta ba ita ce magana ba, ya sa tasa ta riƙa ɗaukar hoto sittin a daƙiƙa don motsi ya fito sumul, ya kunna saitin da ke daidaita haske da inuwa. Ya shige gaba kusa da Alhaji. Ni na lallaɓa can baya na naɗe ƙafafu, na sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Ko fita gari ba mu yi ba kyamarar Haruna ta fara magana. Muryar wata Baturiya ce, wai tana gargaɗin mota ta bar layinta. Wane layi? Hanyar da direba ke bin duk gefen da rami ya bar masa? Duk kaucewa sai ta yi magana. Alhaji ya yi haƙuri har muka wuce gonakin farko, sannan ya ce, "Haruna, wace macce ce kunka sa mani cikin mota?"

"Na'ura ce, Alhaji."

"To ka ce mata ta yi mani shiru. Tun ba a haihi uwatta ba nike bin hanyar ga."

Na danne dariya har cikina ya ƙulle. Amma tawa ma ba ta bar ni na yi alfahari ba. Akwai wani saiti da ke kulle bidiyo idan mota ta ji duka, don kada shaidar hatsari ta goge. Ni da iyayina na kai shi matakin da ya fi saurin ji. Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa bin hanyar Zurmi a ƙarshen damina ba. Duk ramin da muka faɗa, sai ta yi ƙit, ta kulle. Kafin mu hango gari memori ya cika maƙil da hatsarin da ba a yi ba, ta daina ɗauka.

"Kyamararka dai ta gama yi mana ta'aziyya," in ji Haruna. "A wurinta tun Ƙaura muka mutu."

A Zurmi muka tsaya jiran motoci su taru, don yanzu ba mai bin wannan hanya shi kaɗai. Na zauna na goge tarkacen na sassauta saitin. Rana ta buɗe, sai ga ta Haruna ta ɗau zafi ta mutu mus. Ya cire hularsa yana yi mata fifita yana lallashinta, direbobi suka kewaye shi suna yi masa sannu da jinya. Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Sai dab da za mu tashi ta huce ta farfaɗo.

Alhaji ya sayi waina mai zafi, ya miƙa wa Haruna ya ce, "Ba mutumin." Na ce Haruna ya ce masa alhamdu lillahi, a ƙoshe nake. Ƙarya ce tsagwaronta, tun kokon asuba ban sa komai a ciki ba. Amma in tauna abu a gaban surukina? Gara yunwa. Na zagaya bayan wata rumfa na sayi dafaffen ƙwai uku na zuba a aljihu. Da muka kama hanya na zame ƙasa a bayan kujera, na ɓare su a hankali, na riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya ba ko ruwa. Na uku ya tsaya min a maƙogwaro, idona ya firfito, na yi ta dukan ƙirji ba sauti. Na tsira, na kuma gode wa Allah ba wanda ya gan ni.

Ba mu yi nisa da Zurmi ba abin ya faru. Gero ya yi tsawo har bakin kwalta. Wata tsohuwar Bafulatana ta fito daga cikinsa da ƙwaryar nono a ka, tana bin gefen hanya. Tun daga nesa na gan ta, Haruna ma ya gan ta. Motar ta nufe ta sak. Na jira in ji an taka birki, ban ji ba. Haruna ya ƙwalla ƙara, "Alhaji!" ya fizgi sitiyari, tsohuwar ta yi tsalle ta faɗa cikin gero.

"Na gani," in ji Alhaji, ya ture hannun Haruna. "Kak ka ƙara taɓa mani sitiyari."

Ba a tsayawa a wurin, motoci na biye da mu a jere. Haruna ya waiga ya ɗaga min kai alamar ta tashi. Wallahi tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Haka muka wuce har Jibiya.

A kan iyaka aka yi ta duba takardu. Jami'an wajenmu sun san Alhaji, gaisuwa ta fi bincike yawa. Da muka tsallaka, wani jandarma siriri mai gashin baki ya leƙo, ya ga idanu biyu sun zuba masa daga gilashi. Ya ce a kashe, nan ba a ɗaukar hoto. Muka kashe nan take. Ya nemi farmi, wato lasisi a bakinsu. Alhaji ya laluba aljihu ya zaro kati ya miƙa da isa. Jandarman ya duba gaba, ya duba baya.

"Allah ya ba su zaman lafiya, Alhaji, amma ɗaurin auren nan tun watan jiya aka yi shi."

Katin gayyata ne. Alhaji ya ce ai gwada shi yake ya ga ko yana karatu. Kowa ya yi dariya, har da ni, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Maraɗi kuwa, Hausa ce dai irin tamu, sai dai sun barbaɗa mata Faransanci kamar yaji. Mun shiga da tsakar rana muka tarar rabin shaguna a rufe, wai masu su sun tafi hutun rana sai la'asar. A Ƙaura ka rufe shago da azahar ka tafi barci, kafin ka dawo an ce ka karye. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yanka min dasashi, amma in ka tsoma shi a kofinsu mai madara har ƙasa, sai ka yafe masa. Kilishinsu kam ba gardama, na sara musu.

Alhaji Isuhu gajere ne mai ƙaton ciki da muryar da ke tashin kaji. Ya rungume surukina yana ce masa tsohon banza, shi kuma yana ce masa ɓarawon fasinja. Ban taɓa jin an yi wa Alhaji magana haka ya yi dariya ba. Aka sauke mu a ɗakin baƙi na zaure, katifa uku a jere. Na dubi katifun na ce ni zafi nake ji, a baranda zan kwana. Da aka kawo dambun zogale da naman zabi na ja jiki zan fice, Isuhu ya ce, "Kai yaro, mu ma nan muna kunyar suruki, amma ba mu taɓa binne wanda ta kashe ba." Ya sa aka kai min nawa bayan ɗaki, na cinye har da suɗe kwano.

Bayan la'asar Haruna ya ce a yi alƙalanci. Isuhu na da ƙatuwar talabijin a falo, maƙwabta huɗu suka shigo, aka ba Alhaji kujerar da ta fi kusa. Ni na tsuguna a bakin ƙofa.

Aka fara da tawa. Wata babbar mota da muka bi a baya, na tsayar da hoton na matso da shi: lambarta ta fito raɗau, har da ƙusar da aka kafe ta da ita. A ta Haruna lambar ta narke kamar an shafa mata man shanu, ga farar hular Alhaji da ya ajiye a gaba tana ƙyalli a gilashi ta rufe rabin hanya. Na gyara zama. Amma da aka zo inda muka ratsa ƙarƙashin itatuwa, tawa ta yi duhu ɗib, sannan ta fito rana ta yi fari fat, tasa kuwa komai a bayyane, har akuyar da ke kwance a inuwa. Babur da ya gifta a tawa sai ya riƙa tsalle-tsalle, a tasa ya wuce sumul. Falo ya rabu biyu, ana ta musu.

Sai Haruna, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ce bari a ga idon cikin mota.

Ga ni nan, cike da talabijin. Na zame bayan kujera, ina waige-waige kamar ɓera, kumatu sun kumbura, gwaiduwa a gemu. Ga ƙwai na uku, ga ido ya firfito, ga dukan ƙirji. Hoto sittin a daƙiƙa, ba abin da ya ɓace. Falo ya kece. Isuhu ya faɗo daga kujera yana riƙe da ciki, wani maƙwabci ya fita waje yana tari. Ni kuwa na roƙi ƙasa ta tsage. Shekara tara ina tattalin mutuncina a gaban mutumin nan, ƙwai uku sun rushe shi.

"Mi kuke ma dariya?"

Alhaji ne. Yana zaune taku biyu daga talabijin, ya ƙanƙance ido, yana juya kai yana neman wanda zai ba shi labari. Dariyar ta yanke ɗaya bayan ɗaya. Na tsira daga kunya, amma wallahi da na san ta wannan hanya zan tsira, da na zaɓi ya gan ni.

Bidiyon bai tsaya ba. Aka ji muryar Haruna ta fasa falo, "Alhaji!" Isuhu ya tashi zaune sosai. Ya ce a mayar baya. Ya ce a sa tawa. Ya kalla sau biyu, yatsansa na kan lambar da ke nuna gudun mota a ƙasan hoton. Tsohon direba ne, ya ga abin da na gani: lambar ba ta ragu ko ɗaya ba. Ya ce in tsayar a daidai inda tsohuwar ta waigo, in matso da ita. Fuskarta ta cika talabijin, har tsagen kumatunta ana gani.

"Mamman, mi ke nan ga allon?"

Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Kututture ne."

"Tsohuwa ce, Mamman. Sa'ar yayarka. Bakinta buɗe, ƙwaryarta ta bar kanta, nono na zuba. Ba ka taka birki ba. Ba ka gan ta ba."

Alhaji ya koma ya jingina, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ta tashi?"

Nan kyamarar Haruna ta biya duk laifinta. Ya sa idon baya. Ga tsohuwar ta fito daga cikin gero tana karkaɗe zane, ta tsaya bakin kwalta, ta ware yatsun hannu biyu ta auna mana daƙuwa, ta ƙara, ta kuma ƙarawa har muka ɓace. Isuhu ya faɗa masa duk abin da ake gani, bai rage ko ɗaya ba.

"Ta yi daidai," in ji Alhaji. Ya tashi ya ce zai yi alwala, ko da yake da sauran lokaci kafin magariba.

To, masu tambayar wadda ta ci, ga amsarku. In lambar mota kake son karantawa, tawa ce, amma ka sassauta mata saitin jin duka in ba haka ba ramukanmu za su cika ta kafin ka kai ko'ina. In inuwa da motsi da abin da ke bayanka kake so, ta Haruna ce, ka dai kashe bakin Baturiyar, kada kuma ka bar ta a rana. In kana da suruki, kada ka kusanci mai kallon cikin mota.

Da safe na fito da jaka na nufi kujerata ta baya, sai na tarar Haruna a ciki ya yi ɗaiɗai. Alhaji na zaune a gaba, amma a gefen fasinja, ya ɗora hularsa a cinya. Makulli na jikin mota. Bai dube ni ba, ya ce, "Haruna, ce ma mutumin rana na yi."

Haka na tuƙo shi tun daga Maraɗi, kafaɗata na gugar tasa, gumi na bin bayana. Bai bar ni na huta ba. Haruna, ce mashi shi canza giya. Haruna, ce mashi akwai rami bayan gadar ga, shi bi dama. Kuma ramin na nan inda ya ce, ko ɗaya bai kuskure ba. Duk hanyar a kansa take. Na lura ƙafarsa ta dama na ta danna ƙasa a inda babu birki.

Ta gaban tasha hanyar gidansa ta bi, ba yadda za a kauce. La'asar ce, direbobi sun cika rumfa, yawancinsu shi ya koya musu riƙon sitiyari. Suka ga motar suka taso da murna, sai suka ga wanda ke tuƙi, suka ga inda Alhaji yake zaune. Suka tsaya cirko-cirko. Wani dattijo a cikinsu ya matso ya ce, "Alhaji, lafiya dai?"

Na rasa inda zan sa kaina. Alhaji ya sauke gilashi a hankali, ya sa hularsa ya karkata ta, ya fito da gwiwar hannu waje irin na manyan mutane.

"Lahiya lau. Direba na ɗauka. Ku ma Allah shi kai ku matsayin."

Rumfa ta ɗauki shewa, ana ta Allah ya ƙara girma. Ya ɗaga musu hannu har muka sha kwana. Sannan ya ɗaga gilashin, ya ja bakin babbar rigarsa ya rufe fuska da shi, kafaɗunsa na rawa. Na miƙa hannu na zare wayoyin kyamarorin duka biyu, na zuba wa hanya ido har ƙofar gida.